Awon Ƙafar Baƙuwa

Allurar ta karye ne ranar Litinin da hantsi, ina tsakiyar ɗinke wuyan wata 'yar rigar jaririya. Na ji ƙas, keken ya tsaya cak. Na ce a raina, to, yau kuma da ke muka tashi.

Matar da ta koya mini ɗinki, Allah ya jiƙanta, doka ɗaya ta kafa mana wadda ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. In allura ta karye, ba a ɗaura sabuwa sai an tattaro gutsattsarin tsohuwar, an jera su a kan farin ƙyalle, an ga sun haɗu sun cika allura guda. Shekara talatin da ɗaya ina ɗinki ban taɓa karya dokar nan ba. Na kwance guntun da ya rage a jikin keke, na tsinci na tsakiya a kan tebur, na jera su. Tsinin ne babu.

Ina da ɗan mayen ƙarfe ɗaure da zare, wanda nake ratayawa a wuya ina tsintar fil da shi. Na durƙusa na bi ƙasan shagon da shi taku-taku, ƙarƙashin keke, bayan kwandon ƙyallaye, gindin madubi, har bakin ƙofa. Na samo fil goma sha huɗu da wani maɓalli da na daɗe da cire rai da shi, amma ban ga tsini ba.

Sai na dubi aikin da ke kan keke. Rigar ta 'yar wata malamar makaranta ce, jaririya 'yar wata huɗu. Na hango tsinin nan kwance cikin kalmasar wuya, uwa ta saka wa 'yarta riga, yarinya ta tsanyara kuka, a duba ko'ina a rasa abin da ke cin ta. Na ɗauki reza na farke rigar kakaf, na bi kowane layi da yatsa da mayen ƙarfe. Da Malama ta zo da yamma ta tarar da rigarta gunduwa-gunduwa a kan tebur, sai ta riƙe haɓa.

"Mama Tela, lafiya? Ba yau kika ce in zo ba?"

"Yau na ce, gobe za ki samu. In kina sauri, ga shaguna nan cike da layi."

Haka nake, in tsoro ya kama ni faɗa nake yi. Ta tafi tana ba ni haƙuri a kan laifin da ba nata ba.

Na duba ko'ina a shagon nan ban da wuri ɗaya, kuma kowa ya ji labarin sai ya ce ai nan ya kamata a fara dubawa. To, mai lafiya ne ke faɗin haka. Mai lafiya in ya taka allura ba sai ya duba ba, ihu zai yi.

Shekarata goma sha ɗaya da ciwon suga. Ya ƙwace mini shayi mai zaƙi, na haƙura. Ya rage mini zuwa gidajen mutane, don na gaji da a ajiye mini abinci in ce a'a, a ce ɗan kaɗan ba ya kisa, in ci in kwana ina fitsari, in ƙi a ce na raina. Ya taɓa idona har sai na lalubi kafar allura sau biyar kafin zare ya shiga. Duk wannan na faɗa wa likita. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne ƙafafuna. Shekara biyu ke nan in na taka ƙasa ji nake kamar na taka auduga.

Nas ɗin da ke duba mu duk wata ta yi mini gargaɗi har bakinta ya gaji. Kada a yi tafiya ba takalmi ko a cikin ɗaki, a duba tafin ƙafa kullum, in ba a iya sunkuyawa a sa madubi. Ina cewa to. Ina sa takalmin daga gida har ƙofar shago, ina zama a gaban keke sai in tuɓe shi in tura ƙarƙashin tebur. Ba da takalmi aka koya mini taka feda ba. Nakan ce da takalmi ba na jin keken, alhali gaskiyar ita ce ko ba takalmin na daina jin sa, da kunne nake tuƙa shi.

Autata ce aka ɗora wa duba ƙafar. Tana aiki a wani ofis, tana da mijinta da 'ya'yanta biyu, amma duk Asabar sai ta zo shago ta taya ni karanta awo, don ƙananan rubutu sun fara guje mini. Asabar ɗin farko bayan karyewar allurar ta jawo kujera ta ce, "Mama, kawo ƙafar."

Ina cikin haushin tsinin da ban samu ba, ga aiki ya taru. Na ce, "Ƙafata ce ko taki? Kullum a miƙe ni ana jujjuya ni kamar kayan gwanjo. Na duba da safe, lafiya lau."

Ban duba ba. Ta mayar da kujerar.

Litinin ta zagayo, mako guda cif, na zo saka takalmi da safe sai na dama ya ƙi shiga daɗi. Na tura shi da ƙarfi. A shago na tuɓe na jera ƙafafun a kan tabarma, na ga ta dama ta ɗan fi 'yar uwarta cika. Na ce wataƙila idona ne. Tela kuwa ba ya musu da ido, tef yake ɗauka. Na zagaya tef a tsakiyar ƙafar hagu, inci tara. Na zagaya a ta dama, tara da kwata.

Ba na iya auna abu in bar shi a ka, sai na rubuta. Na buɗe littafin awo, na je shafin can baya, na tsaya da biro a hannu. Kowane shafi da sunan mai shi a sama. Na kasa rubuta nawa. Sai na rubuta Baƙuwa, a ƙasa na sa: Litinin, ƙafar dama, tara da kwata.

Me ya hana ni zuwa asibiti a ranar? Yaya ne ya hana ni, ko da yake bai sani ba. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma ciwon nan gare shi. Direba ne, mutum ƙaƙƙarfa mai dariya kamar ana buga ganga. Shekara huɗu da suka wuce ya shiga asibiti da ɗan gyambo a dunduniya, da ƙafafunsa biyu ya taka ya shiga, ni na raka shi. Ya fito da ɗaya da rabi. Bayan sati uku matarsa ta kawo mini wandunansa guda bakwai a leda, ta ce in naɗe ƙafar hagun in ɗinke, don tana jan ƙasa tana harɗe masa sanda. Na zauna a keken nan na ɗinke su ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar, in aka ce asibiti, abin da nake gani ke nan, ƙafar wando a ninke.

Talata, tara da rabi. Wani ja ya fito a gefen ƙaramin yatsa. Na ɗauki biro na zagaye iyakar jan a kan fata, yadda nake zana alli a yadi, don in san ko yana tafiya. Laraba da safe ya haye layin da faɗin yatsa guda. Na zana sabo. Alhamis ya haye wannan ma, awo ya kai goma. Na rubuta, na rufe littafi, na ci gaba da taka keke da ƙafar, don ba ta ce mini komai ba. Da tana ciwo da na ji sanyi a raina. Ciwo ai magana ce, ƙafar da ke ciwo tana nan tare da kai. Wannan kuwa tana kumbura tana canza launi a gabana, shiru, kamar ta wani aka jingina mini.

Na daina cin abincin kirki. In na gwada suga da safe lambar sai ta haura inda ban taɓa gani ba, in kashe na'urar da sauri in jefa a jaka. Jikina ya riƙa ɗaukar zafi yana saki. Mai shagon kusa da ni ta leƙo ta ce na rame, na ce mata ta je ta ji da ramar kanta.

Ranar Juma'a da azahar na rufe ƙofar shago na saki labule. Na zauna a ƙasa gaban dogon madubin da masu gwada kaya ke duba kansu, na kama ƙafar da hannu biyu na ɗaga. Rabona da ganin tafin ƙafata na manta. A ƙarƙashin ƙaramin yatsa akwai wani ɗigo baƙi, kewaye da shi fatar ta yi fari ta yi luguf. Shi kansa yatsan ya fara duhu.

Na sunkuya don in gani da kyau. Mayen ƙarfen da ke wuyana ya sauko yana lilo a kan zarensa, ya yi gaba ya yi baya, sai ya karkata ya je ya manne a kan baƙin ɗigon. Na janye shi. Na sake shi. Ya koma ya manne.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," na faɗa da ƙarfi, ni kaɗai a shago.

Kwana goma sha ɗaya ina neman tsinin nan, na farke rigar jaririya, na share ƙasa sau ba adadi, ashe ina tafe da shi gida da shago, ina danna shi ciki da kowane taku na feda.

Abin da na yi bayan nan ba na alfahari da shi. Na ce tunda na san inda yake, ai cirewa ce kawai, wanda ya iya farke ɗinki zai iya wannan. Na ɗauko sabuwar reza da hantsaki, na goge su. Na ɗora bakin rezar a kan ɗigon na ja kaɗan. Fatar ta buɗe, wani ruwa mai wari ya biyo da jini. Na ƙara ja. Sai na lura da hannuna, yana aiki a natse, ba rawa ba gargada, kamar yadin wata yake yanka. Ina yanka naman jikina ban ji komai ba, ko ƙaiƙayi. A nan tsoron ya gama rufe ni. Na jefar da rezar, na rungume gwiwata na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar babansu Auta. Da na gaji na naɗe wurin da farin ƙyalle, na saka safa, na rubuta wa Baƙuwa goma da kwata.

Asabar Auta ta zo da leda a hannu. Na riga na zauna a gaban keke, na ja zanena ya rufe ƙafafun.

"Mama, na biya ta wajen Kawu. Ya ce a gaishe da sarkin gardama. Ga sabon wandonsa, wai ki naɗe masa kamar kullum."

Ta zaro wandon ta shimfiɗa a kan tebur, ruwan toka, ƙafafu biyu a miƙe. Na kalle shi na kawar da kai.

"Inci nawa kike naɗewa ma? Bari in duba shafinsa."

"Bar shi, na sani a ka."

"Wancan karon ma haka kika ce, ya dawo da shi."

Ta riga ta ɗauki littafin. Shafin Yaya yana can baya, na san da haka, na kuma san abin da ke maƙwabtaka da shi. Ina jin ƙarar takardu tana buɗawa. Sai ƙarar ta tsaya.

"Mama, wace ce Baƙuwa?"

"Wata ce."

"Wata ce da ake auna wa ƙafa ɗaya? Me za a ɗinka mata, safa?" Ta fara da dariya, amma dariyar ba ta kai ƙarshe ba. Ta karanta a hankali. "Litinin tara da kwata. Talata tara da rabi. Kullum take zuwa? Kullum ƙafar na ƙaruwa?"

"Ke, ajiye mini littafi. Aikin mutane ne, ba ruwanki."

Ba ta ajiye ba. Ta dubi fuskata, ta dubi zanen da na ja har ƙasa, ta dubi takalmina na dama da ke gefe, wanda na yanke masa baki da almakashi don ƙafar ta shiga. Ta durƙusa a gabana.

"Kada ki taɓa ni," na ce.

"Mama, ki zage ni, ki mare ni in kin ga dama. Sai na gani."

Ta ɗaga zanen ta zare safar. Warin ne ya fara isa gare ta. Ta ga layukan biro huɗu, ɗaya bayan ɗaya suna hawa bayan ƙafar, jan kuma ya wuce na ƙarshen ya doshi idon sawu. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ɗora goshinta a kan gwiwata, kafaɗunta na rawa.

"Kin ce kin duba," ta ce. "Kin ce mini lafiya lau."

"Za su yanke, Auta. Kin ga Kawunki. Da ƙafarsa ya shiga."

"Kawu wata biyu ya yi yana ɓoyewa, Mama! Ba shigar ce ta yanke masa ƙafa ba, zaman gidan ne. Ke kika faɗa mini da bakinki, kika ce shi da taurin kai kamar jaki."

Na faɗa kuwa. Na ma faɗa a gabansa.

Ta kira mijinta ya zo da mota. Kafin mu fita ta ɗauki littafin awon ta saka a jakarta, ni kuma na miƙa hannu na ɗauki farin ƙyallen da ke ɗauke da gutsattsarin allura biyu, na ƙulle a bakin mayafina. Muka kama hanyar asibiti. Ina kallon mutane ta taga, ba fuskokinsu nake kallo ba, ƙafafunsu.

Likitan ba yaro ba ne, ba kuma mai yawan magana ba. Ya kwance ƙyallen, ya danna nan ya danna can yana tambaya ko na ji, ina cewa a'a. Ya ga yankan reza ya ɗago ya dube ni, na kawar da kai. Aka ɗauki hoton ƙafar, ga tsinin nan fari sol a kwance kusa da ƙashi. Sai ya nuna layukan biron.

"Wa ya zana waɗannan?"

"Ni."

"Da ranakunsu?"

Auta ta miƙa masa littafin. Ya daɗe a kan shafin, yana duba lamba yana duba ƙafa.

"Mama, aikinki ya yi kyau, ya nuna mini saurin da abin ke tafiya. Mu ma haka muke yi." Ya ɗora yatsa a kan layin farko na shafin. "Amma da ranar nan kika zo, da tsinin kawai za mu cire mu ba ki magani, ki koma shago."

"Yanzu fa?"

Ya ajiye littafin. Ya zaro biro daga aljihun rigarsa ya cire murfin.

Wanda bai yi ɗinki ba ba zai san abin da na ji ba. Shekara talatin da ɗaya ina zana layi a yadi, kuma na san inda alli ya bi nan almakashi zai bi, ba ya kaucewa. Ya riƙe dunduniyata da hannun hagu. Bakin biron ya tsaya a sama da idon sawu. Auta ta damƙe kafaɗata. Ya danna wurin da babban yatsa, ya saurari bugun jini, ya gangaro. Ya wuce layina na huɗu. Ya wuce na uku. Ina bin biron da ido ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wata ma ba ta wurin ba ce.

"Likita," na ce, "da ita nake taka keke. Ka bar mini abin takawa."

"Abin da nake nema ke nan, Mama. Ki bar ni in gani."

Biron ya sauka. Ya zagaye ƙaramin yatsa da na kusa da shi, ya ɗan shiga gefen ƙafar, ya dawo ya haɗe. Ya ce iya nan za a yanke in jini ya yarda, in kuma magani ya tsayar da jan a kwana biyu. In bai tsaya ba za a sake magana. Ban tambaye shi wace magana ba.

Kwana biyun nan ban san yadda suka wuce ba. Ana ƙara mini ruwa da magani, ni kuwa duk wanda ya shigo ɗakin da farar riga aljihunsa nake fara kallo, in ga ko da biro. A rana ta uku nas ta buɗe ta duba ta ce jan ya ja da baya. Ranar aka shiga da ni ɗakin tiyata.

Washegari Yaya ya zo da rana. Tun daga baranda na ji sandunansa, ƙwas, ƙwas. Na shirya wa faɗa, don na san yana bi na bashin kalmar jaki. Ya zauna a bakin gado ya jingine sandunan, ya daɗe yana kallon tudun ƙafafuna a ƙarƙashin zanen gado.

"Biyu ne?" ya ce.

"Biyu ne, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya share ido da bayan hannu. "To wandona fa? Ko sai na kai wa wani telan?"

"Ka kai mana, ka ga wanda zai jure maka."

Nas ta shigo da wata 'yar kwalba ta ce likita ya ce a ba ni, tunda na dame su da tambaya. Tsinin ne a ciki, an wanke shi, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Na kwance bakin mayafina na shimfiɗa farin ƙyallen a kan cinyata. Auta ta riƙe mini gefe. Na jera guntun sama, na jera na tsakiya, na tura tsinin da farce har ya zauna a wurinsa. Allura ta cika, babu abin da ya ɓata.

Sannan na ce wa Auta ta ɗaga zanen. Tun da aka fito da ni ban yarda na kalla ba. Bandejin ya naɗe ƙafar har idon sawu, an bar bakin a buɗe. Na ƙirga yatsun da suka leƙo, na sake ƙirgawa. Uku.